Bin Sawun Motar Shara a Greensboro

A Greensboro kowace unguwa da ranarta ta kwasar shara. Tun daren jajibiri za ka ga masu gida suna gunguro manyan mazuban roba masu taya zuwa bakin titi. Kore na sharar da ta gama aiki ne, mai ruwan ƙasa kuma na abin da za a sake sarrafawa, shi kuwa sai mako bibbiyu ake ɗaukarsa. Da sassafe motar hukuma za ta shigo layi, direba shi kaɗai, babu yaran mota, babu shebur, babu kwando. Wani hannun ƙarfe ne ke miƙowa daga kuiɓin motar, ya rungumi mazubi, ya ɗaga shi sama ya kife, ya dire shi inda ya same shi. Kafin shayinka ya huce layi ya koma fes.

Ni da na tashi a Kano, inda bola kan girma har ta yi suna ana kwatancen gida da ita, dole abin ya burge ni. Mai masaukina, wani ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin yana aiki a rumbun ajiyar kaya na wani kamfani, dariya kawai ya yi da ya gan ni tsaye a taga ina kallo. Greensboro gari ne na mutum kusan 300,000 a ƙidayar 2020, na uku a girma a jihar Karolina ta Arewa bayan Charlotte da Raleigh, kuma yana cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa. Ranar Juma'a in an idar da salla, gaishe-gaishen da za ka ji a harabar masallaci sun isa su mantar da kai a wace nahiya kake.

Abin da ya fara rage mini burgewa shi ne saurin da koren mazubin yake cika. Mutanen gidan ba almubazzarai ba ne, tuwo da miyar kuka ake yi a kicin ɗin, kuma ba a zubar da ɗumame. Amma a je cefane a dawo a gani. Kaza tana kwance a kan farantin farar robar nan mai kumfa, irin ta tekawe, da wani ɗan ƙyalle mai tsotse jini a ƙarƙashinta, an naɗe su gaba ɗaya da leda. Tumatir a akwatin roba. Burodi a leda, an ɗaure bakinta da wani guntun roba. Ruwan sha gora 24 ko 40 a ƙunshe cikin wata ledar. A wurin biyan kuɗi kuma a zuba maka komai a leda, in da nauyi a ninka ta biyu, kyauta, ba mai tambayarka ko kana so. Kafin uwargida ta ɗora tukunya kwandon sharar kicin ya kai rabi, ga shi ko loma ɗaya ba a kai baki ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta lissafa cewa a 2018 ƙasar ta fitar da sharar gidaje da ta wuraren kasuwanci tan miliyan 292, wato fiye da kilo biyu a kan kowane mutum kowace rana. Tan miliyan 82 daga ciki, sama da kashi ɗaya bisa huɗu, mazubai ne da abin naɗi: kwali, kwalba, gwangwani, leda. Robar da aka sake sarrafawa a wannan shekara kuwa ba ta kai kashi 9 cikin 100 ba.

Ga kuma cin abinci a mota, wanda a nan ya zama al'ada. Kamfanin Cook Out, da ke da rassa barjat a kudancin Amurka, a wannan gari ya fara a 1989, a titin Randleman. Da daddare ka ga motoci sun yi layi sun kewaye gini, kowa ya faɗi abin da yake so ta lasifika, ya matsa gaba a miƙo masa ta taga: akwatin kumfa, kofin kumfa, tsinken zuƙa, cokalin roba, takardar goge hannu. Cin abincin minti goma ne. Akwatin kuwa mazubi mai ruwan ƙasa ba ya karɓarsa, kuma mai cin zai tsufa ya mutu yana nan bai ruɓe ba.

Na tambayi mai masaukina inda motar take kai kayan. Ya ce, "Wallahi Malam, ban taɓa tambaya ba. Muna biyan haraji, suna zuwa suna ɗauka. Mi ya kai ni bin ta?"

Rabin amsar yana arewa maso gabashin gari, a ƙarshen wani titi da ake kira White Street. Can ne babban jujin Greensboro, wanda aka fara zuba wa shara tun shekarun 1940. In ba a gaya maka ba ba za ka ce juji ne ba. Tuddai ne masu koriyar ciyawa a bayan shinge, da bututu suna leƙowa daga ƙasa nan da can, da ma'aunin manyan motoci a bakin ƙofa. Unguwannin da suka kewaye shi, su Nealtown da Woodmere Park, galibin mazaunansu baƙaƙen fata ne: ƙananan gidaje na jan bulo, majami'u, tsofaffi a zaune a baranda suna ɗaga wa mai wucewa hannu. Shekara da shekaru duk abin da gari ya ci ya rage, daga unguwannin masu hali na yamma har tsakiyar birni, ta ƙofar waɗannan bayin Allah yake bi. Su ke shaƙar warin, su ke kwana da ƙarar motoci, gidajensu ne ke faɗuwa a daraja, kuma a Amurka gida shi ne kusan duk abin da talaka ke bar wa 'ya'yansa.

Sun yi ta kai kuka har majalisar birni ta saurara, aka daina kai sharar gidaje can a 2006. Aka gina wata tasha a titin Burnt Poplar, yamma da gari wajen filin jirgin sama, inda motocin unguwa ke juye kayansu, a sake loda su a tirela, a wancan lokaci a nufi jujin Uwharrie da ke gundumar Montgomery, tafiyar sama da awa ɗaya kudu. Jigilar nan kuɗi take ci. Saboda haka a 2011 masu rinjaye a majalisar suka ce a sake buɗe White Street, a rage wa baitulmalin birni miliyoyin daloli. Nan fa unguwa ta tashi tsaye. Goldie Wells, tsohuwar malamar makaranta, 'yar Golden Frinks wanda ya yi suna a gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe a jihar, ta jagoranci wata ƙungiya mai suna Citizens for Economic and Environmental Justice. Lauyoyin Southern Coalition for Social Justice suka shigar musu da ƙara, jama'a suka riƙa cika zauren majalisa maƙil duk ranar zama. Shirin ya wargaje kafin shekara ta ƙare, kuma a zaɓen watan Nuwamba magajin gari Bill Knight, wanda ke bayan buɗewar, ya sha kaye a hannun Robbie Perkins da ke adawa da ita.

Nasara ce ta gaske, ba na rage mata komai. Mutanen da aka saba yi wa yadda aka ga dama sun kayar da magajin gari a kan shara. Sai dai sharar ba ta ragu da ko cokali guda ba. Mazauni kawai ta sauya, ta koma gundumomin karkara inda mutane ba su da yawan da za su cika zauren majalisa, ana ƙona man dizal kullum don kai ta. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A harkar shara ba haka take ba: wani ke jan ruwan, wani yake doka.

White Street dai bai rufe baki ɗaya ba. Yana karɓar ɓaraguzan gini da ganye da rassan itatuwa, ana tara ganyen ya ruɓe ya zama taki a sayar wa masu lambu. Bututun da na gani kuwa na tattara iskar gas ne da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa. An daɗe ana tura wannan iska zuwa masaƙar White Oak ta kamfanin Cone, wadda tun 1905 take saƙa yadin jins, har da na wandunan Levi's, ana hura tukunyar tururinta da ita, kafin a rufe masaƙar a ƙarshen 2017. Wanda ya taɓa sa wandon da aka ɗinka da wannan yadi, akwai rabon ragowar abincin Greensboro a jikinsa.

Rigima irin wannan ba baƙuwa ba ce a jihar. Gwamnati ta zaɓi wani ƙauye, Afton, a gundumar Warren wadda yawancin mutanenta baƙaƙe ne kuma talakawa, don binne ƙasar da aka gurɓata da sinadarin PCB. A 1982 mutane suka kwanta a kan kwalta gaban manyan motoci, aka kama sama da 500. Ba su hana binnewar ba, amma daga nan ake lissafin farkon yunƙurin neman adalci a sha'anin muhalli a Amurka. A cikin Greensboro ma, a gabashin gari, akwai filin wasan yara na Bingham Park, wanda aka shimfiɗa a kan tsohon juji da wurin ƙona shara na tsakanin shekarun 1920 da 1950. Yara sun yi ta wasa a kansa kafin gwaji ya nuna dalma da wasu ƙarafa masu guba a ƙasar, aka rufe shi. Da aka zo batun inda za a kai gurɓatacciyar ƙasar a 2024, sai ga sunan White Street ya sake fitowa, mutanen can suka sake cewa ba da su ba.

A tsakiyar birni, kan titin Elm, na shiga tsohon kantin Woolworth, wanda tun 2010 ya zama gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci. Nan ne ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu na jami'ar A&T, Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka sayi 'yan kayayyaki, suka riƙe rasit, sannan suka zauna a kan kujerun teburin cin abinci da aka keɓe wa farare, suka nemi kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi. Kashegari suka dawo da wasu, abu ya bazu zuwa garuruwa da dama, har kantin ya sallama a watan Yuli. Teburin yana nan inda yake, da kujerunsa masu juyawa. Da yake kaina na kan batun mazubi, abin da ya tsaya mini shi ne wannan: a wancan zamani a kudancin Amurka ba a cika ƙin karɓar kuɗin baƙar fata ba, zama ake hana shi. Abincinsa a ƙunshe ake miƙa masa, sau da yawa ta ƙofar baya ko ta taga, ya je can ya ci. Faranti da cokalin da za a wanke wani ya sake ci da su, su ne abin da ba a yarda a haɗa da shi ba. Yau fari da baƙi duk ta taga suke karɓa, da son ransu, kowa na sauri.

Sauran rabin amsar inda motar shara take kai kayan yana cikin mazubi mai ruwan ƙasa, kuma labarinsa na kasuwa ne. Shekaru da dama Amurka tana ɗaure tarkacen roba da takarda tana turawa ƙasar Sin a jiragen ruwa. A farkon 2018 Sin ta rufe ƙofa, ta ce ba ta karɓar kayan da dattinsu ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100. Farashi ya faɗi warwas. Biranen da a da ake biyansu kuɗin tarkacensu suka koma su ke biya a karɓa. Greensboro ta taɓu ita ma: daga Yuli 2019 aka daina karɓar kwalba a mazubin ƙofar gida, saboda tana da nauyi, tana fashewa ta ɓata takarda da kwali. Mai son a sake narka kwalbarsa sai ya ɗauke ta a mota ya kai wuraren da aka ware. Leda kuwa dama ba a son ganinta a ciki, don tana naɗe injinan tantancewa har sai an tsayar da aiki ma'aikata sun shiga da wuƙa sun yanke ta. Ɗan jari-bola na Kano bai karanta ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma ya san karatun: yana tsintar ƙarfe da alminiyon da gorar ruwa, ya tsallake baƙar leda da tekawe, domin ba mai awo da zai ba shi ko sisi a kansu. Abin da ba shi da mai saye shara ne, ko a wane launin mazubi aka jefa shi.

Gorar ruwa ita tana da mai saye, kuma a kusa. Kamfanin Unifi, wanda hedikwatarsa ke Greensboro, yana yin wani zare mai suna Repreve daga gorunan roba tun 2007. A masana'antarsa ta Reidsville, arewa da gari kaɗan, wadda aka buɗe a 2016, ake ware gorunan, a wanke, a daddatsa su ƙanana. Daga nan a kai Yadkinville a narka a ja zare. Gomman biliyoyin goruna sun bi ta wannan hanya sun zama rigunan sanyi, kayan wasanni, har da yadin kujerun motocin Ford. Yanki ne da masaƙunsa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don haka ba ƙaramin abu ba ne a ce shara ta riƙe wa wasu aikinsu. Amma a bi zancen zuwa ƙarshensa. Gora in an mayar da ita gora, za a iya sake mayar da ita. In ta zama riga, tafiyar ta kusa ƙarewa, don kaɗan ne ƙwarai daga tufafi ake sake mayarwa zare. Rigar za ta tsufa, a ba da ita sadaka, a ɗaure ta cikin dila, kuma ba abin mamaki ba ne ta sauka a Ƙofar Wambai a matsayin gwanjo, wani ya sa ta hunturu biyu, ta ƙare a kwatar Jakara. Mu ne jujin ƙarshe na wasu gorunan da ba mu sha ruwansu ba.

Dokokin jihar su ma abin kallo ne. Tun Oktoba 2009 haramun ne a binne gorar roba a juji a Karolina ta Arewa, ko da yake ba mai buɗe koren mazubinka ya duba. A wannan shekarar aka hana ledar cefane a tsibiran gaɓar teku da ake kira Outer Banks, sai majalisar jiha ta soke hanin a 2017 duk da gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na-ƙi. A 2023, lokacin da biranen Asheville da Durham ke shirin hana leda ko sa mata kuɗi, sai aka cusa wani sashe cikin dokar kasafin kuɗin jiha da ya haramta wa kowane birni ko gunduma yin haka. Ke nan ko da majalisar Greensboro ta wayi gari tana son taɓa leda ko akwatin kumfa, an ɗaure mata hannu. Mu namu akasin haka ne. Nijar ta kafa dokar hana ledar nan mara kauri tun 2014, kuma duk wanda ya ratsa kasuwa a Maraɗi ko Yamai ya san inda dokar ta kwana. Legas ta hana farar robar kumfa a Janairu 2024. Su suna da hukumar da za ta iya aiwatarwa an hana ta doka, mu muna da doka babu mai aiwatarwa. Ruwanda, wadda ta hana leda tun 2008 kuma ta tsaya a kan maganarta, ta fi mu duka.

Wata safiyar Asabar muka je kasuwar manoma da ke titin Yanceyville, wadda asalinta ya koma 1874. Nan ne kaɗai na ji ƙamshin kasuwa. Dankali da ƙasarsa, kuɓewa a tsibi, ganye a ɗaure da zare, ƙwai a kwalin da mai saye zai dawo da shi mako mai zuwa. Mutane na yawo da kwanduna da jakunkunan yadi. Akwai kuma Deep Roots, kantin haɗin gwiwa da ya faro tun 1976, inda shinkafa da wake da gyaɗa suke a buɗe cikin manyan mazubai, ka ɗebi iya buƙatarka a auna. Awo ke nan irin na 'yan mudu, wanda kakanninmu suka yi da ƙwarya da sanho, aka naɗe goro da ganye, aka sa alale a gwangwanin madara, aka ƙunshe tsire a takarda. Bambancin shi ne a nan sai mai hali yake iyawa. Kayan sun fi na manyan kantuna tsada, kuma sai wanda ba ya aikin dare ne ke da safiyar Asabar. Mai masaukina ya ɗaga wani ɗaurin alayyafo ya ji kuɗinsa, ya mayar a hankali, ya ce mini a kunne, "Wanga na likitoci ne da lauyoyi."

Mutanen arewa maso gabashin gari sun gwada nasu. Unguwar ta shekara 18 ba ta da babban kantin abinci tun da wanda ke titin Phillips ya rufe a 1998. Waɗanda suka yi yaƙin juji su ne suka haɗa kai suka tara kuɗi suka buɗe Renaissance Community Co-op a 2016, kantin da jama'ar unguwa suka mallaka. Bai kai shekara uku ba ya rufe, a farkon 2019, ciniki bai riƙe shi ba. Inda babu irin wannan kanti, abin da ya rage shi ne shagon gidan mai da kantin kayan dala ɗaya, kuma duk abin da suke sayarwa a ƙunshe yake, don a ƙunshe ne kaɗai zai yi wata shida a kan kanta bai lalace ba. Wanda ya fi kusa da juji shi ne ya fi kowa rashin zaɓi a kan abin da zai jefa a cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba ledar ba ce, abincin da ke cikinta ne. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na abincin ƙasar ba ya shiga cikin kowa. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ake binnewa a juji abinci ne, ya fi kowane irin tarkace yawa, kuma shi ke haifar da mafi yawan iskar gas mai ɗumama duniya da ke tserewa daga jujin. Wani ɓangare na laifin yana kan kwanan watan da ake bugawa a jikin kaya. In ban da madarar jarirai, gwamnatin tarayya ba ta tilasta shi ba, kuma galibi hasashen kamfani ne na ranar da ɗanɗano zai fara raguwa, amma mutane na ɗaukarsa ranar da abinci ya zama guba. Duk da wannan zubarwa, a 2015 wata cibiya mai suna Food Research and Action Center ta sa yankin Greensboro da High Point a kan gaba cikin manyan biranen ƙasar wajen yawan waɗanda suka ce sun rasa kuɗin sayen abinci a cikin shekara, sama da mutum ɗaya cikin huɗu. Ƙungiyoyi irin su Out of the Garden Project suna karɓar abin da kantuna za su zubar suna rabawa, kuma akwai dokar tarayya ta 1996 da ke kare mai ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a. Suna ƙoƙari, amma abin ya fi ƙarfin motocinsu.

A nan ne Bahaushe zai so ya bugi ƙirji ya ce mu ba ma zubar da abinci. Gaskiya ne, tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a jiƙa, ƙasari da dusa na akuya, sharar gari ma manoman kewayen Kano sun daɗe suna lodawa a mangalar jaki su kai gona, kafin leda ta ɓata ta. Amma a faɗi sauran gaskiyar: babban dalilin da ya sa ragowarmu ba ta kwana shi ne akwai yaro da ƙoƙo a ƙofar gida yana jiran ta. Wannan ba tsari ba ne da za a yi alfahari da shi a gaban kowa.

Kafin in bar gari aka yi suna a gidan wani ɗan uwan mai masaukina, aka kama zaure, jama'a suka taru har daga Raleigh da Charlotte. Shinkafa da nama da dambu da masa, ga fanke, ga lemo. Komai a farantin kumfa, kowa da gorarsa ta ruwa, a kurɓa sau biyu a ajiye a manta wacce ce ta wa, a ɗauki sabuwa. Da za a tashi aka cika wa kowa tekawe ya tafi da shi gida, wannan kam ya yi kyau. Samari suka yi ta fitar da manyan baƙaƙen ledoji suna jibgewa a bayan zaure har suka kai ƙugu. Haka ake yi a buɗa-baki duk watan azumi, in ji su, kuma haka muka koma yi a Kano a kowane ɗaurin aure.

A mota muna komawa na kawo shawara, irin ta baƙon da zai tafi jibi. Na ce tunda ana taro kusan kowane mako, me zai hana ƙungiyarsu ta sayi manyan tire da kofunan silba da babban tulun ruwa, a koma ci tare mutum biyar-biyar yadda aka saba a gida? Kuɗin robar shekara ɗaya ya isa. Mai masaukina ya ce wallahi shawara ce mai kyau, zai kai ta taron wata.

Uwargida tana baya da yara sun yi barci a jikinta. Tun asuba take tsaye a kan tukunya, kuma da safe tana da aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta ce, "Malam, a gida da kuke ci a tire, wa ke wankewa?"

Na ce mata da 'yan mata.

Ta ce, "To nan matan duk aiki suke, 'yan matan suna makaranta, 'yar aiki kuwa sai mai kuɗi. Ku sayi tirenku, ba mu hana ba. Amma in Alhaji zai kai maganar taro, ya tafi da takarda ya rubuto mana sunayen mazan da za su tsaya wanke-wanke bayan an watse."

Alhaji ya ce ai akwai injin wanke kwanuka a wasu zaurukan. Ta ce ta sani, kuma injin ma sai an kankare masa maiƙo an jera masa kaya an kwashe, a rubuta sunan wanda zai yi wannan ɗin ma. Har muka shigo layinsu suna kan lissafin maza nawa za a samu. Shi ya ce goma ba za su gagara ba, ita ta ce in an samu uku ita za ta sayi sabulun.